Neman kalma: me za mu kira "ductilité" da Hausa?

Malamin aikin ƙarfe, Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata cibiyar koyon sana'a, kuma bana na ƙudurta rubuta darussana da Hausa, domin rabin yaran da ke gabana ba su wuce aji shida a lakwal ba, wasu kuma daga makarantar allo suka zo. Na yi nisa sai kalma guda ta tsaya mini a maƙogwaro, wadda Faransawa ke kira ductilité. Hali ne na ƙarfen da za ka ja shi ko ka lanƙwasa shi ya bi ka, ya zauna yadda ka ajiye shi, bai tsage ba, bai karye ba.

Ga inda maganar ta taso. Abin da suke kira acier baƙin ƙarfe ne da ɗan kabon a cikinsa, sinadarin nan na gawayi. Ɗan kaɗan ne ƙwarai. A kilo guda na ƙarfen ƙusa kabon bai kai giram 3 ba. A sifirin mota wajen giram 6 ne, a magagari kuwa yakan kai 10 ko ya ɗara. In ya haura giram 20 an fita daga acier an shiga ƙarfen zubi, wanda in ka ɗora masa guduma sai ya fashe kamar tulu. Kabon na ƙara tauri, yana kuma jawo gautsi tare da shi. Abin da masana ƙarfe suka daɗe suna nema shi ne a riƙe ƙarfin a rabu da gautsin.

Da farko "laushi" na rubuta a allo. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ke nan wanda ya fi laushi shi ya fi rauni?" A nan na gane kalmar tana koya musu akasin abin da nake nufi. Ku taimaka mini.

Ɗan gidan maƙera, Birni:
Wa alaikumus salam Mushe. Yaron nan ya yi gaskiya. Laushi a wurinmu yana da muhallinsa. In baba zai yi wuƙa da guntun sifirin mota, sai ya sa shi a wuta in yi ta zuga har ya yi jajir, sannan ya turbuɗe shi cikin toka mai zafi a bar shi ya kwana. Da safe ka sa magagari ka ji yana ci kamar kana gogar itace. Wannan shi ne laushi, kuma ba a sayar da wuƙa a haka, ko igiya ba za ta jima tana yanka ba.

Bayan an gama ƙira sai a sake mai da ita wuta a tsoma ta a ruwa ko baƙin mai. Ta fito magagari yana zamewa a kanta, amma in ta faɗi kan dutse tana iya rabewa biyu. To aikin gwaninta a nan yake. Baba zai goge bakin ya yi fari, ya kara gadon wuƙar kusa da garwashi, ba ya ko magana, ido kawai. Launi zai fara tafiya daga gadon zuwa baki, fari-fari kamar karan dawa busasshe, sai ruwan ƙasa, sai ya juya shuɗi. Wuƙa a launin kara ake tsayar da ita. Abin da zai sha duka, kamar gatari, a bar shi ya ƙara gaba. In na tambaye shi yakan ce hora ta yake yi, kamar ɗan doki. Gidanmu ƙira muka gada, kuma kowa ya san maƙeran garin nan har igwa sun yi zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, saboda haka ba na jin za a rasa kalma a bakin dattawa.

Malamin aikin ƙarfe:
Allah ya ƙara wa baba lafiya, ka gaishe mini da shi. Ka ba ni kalmar da ban ma tambaya ba. Abin da littafi ke kira revenu daga yau "horo" zan rubuta, ƙarfen kuma "horarre". Launukan da yake dubawa ma'aunin zafi ne sosai: launin kara wajen digiri 220 ne, shuɗi wajen 300.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a ciki, domin shi zai nuna mana irin kalmar da muke nema. In zafi ya wuce digiri 727, kabon yakan fara narkewa cikin jikin ƙarfen kamar gishiri a ruwa, ko da yake ƙarfen bai zama ruwa ba. Ka tsoma shi a ruwa farat ɗaya, kabon bai samu damar fita ba, ya maƙale, jikin ya ɗaure tamau. Tauri da gautsin ke nan. Ka bar shi ya huce a hankali cikin toka, kabon ya fito ya haɗu da ƙarfe ya jeru falle-falle, sirara masu tauri, tsakaninsu ƙarfe mai taushi. Akwai hanya ta uku da masana'antu ke bi: a riƙe ƙarfen ƙasa kaɗan da 727 na awoyi masu yawa, sai fallayen nan su tsinke su dunƙule su zama ƴan ƙwayoyi. Ku kwatanta ƙullun da aka cusa wa fasassun kwalba da wanda aka barbaɗa wa ƙwayar gero. Wanne zai miƙu ba tare da ya yage ba? Da haka ake iya matsa ƙarfe mai yawan kabon a mutsa shi yadda ake so, in an gama a tsoma shi a hore shi.

A shekarun 1970, a jami'ar Stanford ta Amurka, Oleg Sherby da Jeffrey Wadsworth sun yi aiki kan ƙarfe mai kabon tsakanin giram 10 da 20 a kilo, wanda a da ake ganin gautsinsa ya hana a more shi. Da suka mai da ƙwayoyin cikinsa ƙanana ƙwarai, sai ga shi in an gasa shi yana miƙewa ya ninka tsawonsa sau da yawa kafin ya tsinke, in ya huce kuma ga ƙarfi. Sun lura kabon ɗinsa ya yi kusa da na tsofaffin takubban Dimashƙa. Wannan halin nake nema wa suna, kuma horo hanya ce ta samunsa, sunan halin kansa har yanzu da saura.

Wata ƴar'uwa, Mirya:
Malam, ni ban san ƙarfe ba, amma a gidan masu ginin tukwane na tashi. In an kawo yumɓu, kakata takan ɗebi kaɗan ta jiƙa, ta murza shi a tafin hannu ya yi tsawo kamar igiya, ta naɗa a yatsa. In ya naɗu sumul sai ta ce yana da danƙo. In ya tsattsage ta ce gautsi gare shi, a nemo wani a haɗa. Ba ta taɓa cewa laushi ba, don yashi ma yana da laushi kuma ba ya ginuwa. Da na karanta bayaninka, abin da na gani ke nan.

Ɗalibi, Zango:
Ranki ya daɗe ina da ja. Danƙo ai roba ce. Yaro in ka ce masa danƙo abin harbin tsuntsu zai tuna, wanda ake ja a saki ya koma. Mushe kuwa ya ce ƙarfen ya zauna inda aka ajiye shi. Me zai hana a ce "miƙuwa" ko "lanƙwasuwa"? Ba su da harshen damo.

Wata ƴar'uwa, Mirya:
Ƙanena, kafin roba ta zo ƙasar nan ana cewa tuwo ya yi danƙo, ana cewa danƙon zumunci. Roba ce ta ari sunan.

Mai ɗaurin rodi, Sabon Gari:
Ni dai ga abin da ya same ni bara. Ana ginin wani gida, mai gida ya sayo rodi mai araha, ba zan faɗi wurin ba. Na sa rodi mai kaurin milimita takwas a makama zan naɗa zobban ginshiƙi. Na farko ya yi ƙas a gwiwa. Na biyu bai karye ba, amma da na duba bayan lanƙwasar sai ga tsaga kamar faso a diddige. Cikin goma huɗu suka lalace. Na ce masa wallahi ba zan ɗaura wannan a ginshiƙin da ƴaƴanka za su kwana ƙarƙashinsa ba. Ya ce ai mai tauri ne, shi ya sa. Na rasa kalmar da zan ba shi amsa da ita. Rodin yana lanƙwasuwa, ga shi a lanƙwashe a hannuna, amma ya mutu a ciki. Da na san in ce masa ba shi da danƙo, da ya gane nan take, don shi ma ya san ƙasar gini.

Malamin aikin ƙarfe:
Mai ɗaurin rodi, ka yi daidai da ka ƙi, kuma labarinka ya raba mana gardama. Rodin kirki yana cikin misalan da na fi so. Akwai dabarar da aka fito da ita a Beljiyam a shekarun 1970, ana kiranta Tempcore. Rodi na fitowa daga injin murza da zafinsa sai a feshe shi da ruwa na ɗan lokaci kaɗan. Fatar ta taurare, cikin yana nan da zafi, sai zafin cikin ya fito ya hore fatar da kansa. Ka samu sanda mai ƙarfi a baya, mai bi a ciki, kuma kabon ɗinta kaɗan ne har walda na kama ta lafiya. Amfanin haka a gini shi ne, in nauyi ya fi ƙarfin ginshiƙi, rodi mai wannan hali zai miƙe tukuna, bango ya tsage, mutane su gani su fita. Mai gautsi ba ya sallama.

Ɗalibina na Zango, jan da ka yi yana da tushe, na kuma yi ta juya shi tun jiya. "Lanƙwasuwa" ta faɗi abin da ido ya gani daga waje kawai, ga shi rodin nan mai araha ya lanƙwasu alhali ya tsage. "Miƙuwa" ta fi ta kusa, kuma zan yi amfani da ita wurin awo, in ana gwada tsawon da sanda ta ƙara kafin ta tsinke a injin gwaji. Sai dai ba wanda zai shiga Kasuwar Dole ya ce a ba shi rodi mai miƙuwa. Danƙo kuwa yana ɗauke da abu biyun da nake so a baki ɗaya, riƙo da bi. Abu mai danƙo ba ya saki, shi ya sa ba wanda zai ji kalmar ya zaci rauni. Ga shi kuma tana da abokin gaba a shirye, gautsi, kamar yadda kakar ƴar'uwarmu ke haɗa su.

Batun roba kuma, Hausa ta riga ta ba mu mafita. Ana tale baka, ana tale roba, a saki su koma. To wancan halin na sifiri, wanda suke kira élasticité, sai mu ce "taluwa". Sifirin mota yana taluwa, rodi yana da danƙo. Wannan ta taluwa ban gama sakankancewa da ita ba, duk mai wata ya kawo.

Ga yadda na gyara layin a darasin: "Yawan kabon na ƙara wa ƙarfe tauri, yana rage masa danƙo. Da horo ake dawo masa da wani abu daga danƙon."

Ranar Litinin zan gwada a aji. Ɗan gidan maƙera, in baba zai yarda, ka roƙa mini guntayen sifiri uku masu kauri ɗaya, wanda ya kwana a toka, wanda aka tsoma kawai, da horarre. Ƴar'uwa, in akwai mai shigowa gari daga Mirya kafin nan, a aiko mini da curin yumɓu biyu, mai danƙo da maras shi. Yaron da ya yi mini tambayar nan shi zan fara miƙa wa ya naɗa a yatsa.