Neman kalma: me za mu kira "mechanical keyboard" da Hausa?

1/ Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar harkar kwamfuta. Akwai wani aikin hannu da masu son tsofaffin na'urori suka ƙallafa wa rai: a samo tsohon allon madannai irin na shekarun 1980, a kwance shi, a ɓoye 'yar ƙaramar kwamfuta a cikinsa, a mayar a ɗaure. Daga nan sai a jona shi da talabijin, a ba shi wuta, aiki ya kankama. Ina so mu iya bayanin wannan aiki da Hausa tun daga farko har ƙarshe, amma sunan babban kayan aikin ma ba mu tsayar da shi ba tukuna. Shi ne abin da Turawa ke kira "mechanical keyboard".

2/ Rabin sunan babu gardama a kansa. "Allon madannai" ya zauna a rubuce, "kibod" kuma ya zauna a baki, kowa ya ɗauki wanda ya fi masa sauƙi. Ɗaya rabin, wato "mechanical", shi ne ke ba da wahala, kuma ba za a warware shi da buɗe ƙamus ba. Sai an kwance abin an leƙa cikinsa.

3/ Allon madannai na yau da kullum, irin wanda ake haɗawa da kwamfutar ofis, shimfiɗar roba guda ɗaya ce a ƙarƙashin madannan duka. A daidai kowane madanni robar ta yi ɗan tudu. Idan ka danna, tudun ya lotsa, ya matse wasu fallaye biyu na leda masu zanen hanyar lantarki har su taɓa juna, harafi ya fita. Ka ɗaga yatsa, robar ta koma yadda take. Yana da sauƙin ƙerawa, amma robar tana gajiya, kuma sai ka kai madannin ƙasa kafin ya amsa.

4/ Yanzu ku dubi IBM Model M, wanda ya fito a 1985, wanda kuma masu wannan aiki suke nema. Na farko-farkonsa sun haura kilo 2 a nauyi, saboda farantin ƙarfe mai lanƙwasa da ke cikinsu. Ka cire hular madanni ɗaya, za ka ga wani siririn sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin biro mai dannawa, a tsaye cikin rami, gindinsa a kan 'yar guduma ta roba mai tauri. Kana dannawa yana takurewa, yana takurewa, har ya kai inda ba zai iya jurewa ba, sai ya lanƙwashe gefe guda farat ɗaya. Wannan lanƙwasar ce ke juya gudumar ta bugi abin da ke ƙasa, ita ce kuma ke yin ƙarar nan ta "ƙas!" A daidai lokacin da yatsa ya ji sakin, a lokacin kunne ya ji ƙarar, a lokacin harafin ya fita. Abu uku a bugu ɗaya. Wannan ne ya sa har yau kamfanin Unicomp na Amurka yake ƙera irinsa, bayan fiye da shekara talatin.

5/ Na kamfanin Cherry na Jamus, samfurin MX da ya fito a farkon shekarun 1980, tsarinsa daban ne. Kowane madanni yana da ɗan akwatinsa, a ciki akwai sanda mai kai kamar alamar tarawa, da harsunan ƙarfe biyu masu haɗuwa, da sifirin mai maido da sandar sama.

6/ To, ga sunayen da aka kawo.

Wani ɗan'uwa ya ce "madannai na inji". Malam, na gode, amma inji a kunnen Bahaushe abu ne mai juyawa da kansa, mai shan mai ko wuta. A nan babu abin da ke motsi sai yatsa ya taɓa shi.

Wani ya ce "na kanikanci". Wannan ya kama kalmar Turancin, ya saki ma'anarta. Duk wanda ya ji, garejin mota zai tuna.

7/ Wanda ya fi jan hankalina shi ne "mai ƙas-ƙas". Yana da daɗi a baki, kuma irin sunan da mutane ke laƙawa abu da kansu ne ba tare da wani kwamiti ba. Na so ƙwarai ya yi. Matsalarsa ita ce ba dukansu ke yin ƙas-ƙas ba. A cikin MX, mai shuɗiyar sanda ne ke ƙara. Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tuntuɓe da yatsa ke ji amma ba ya ƙas, baƙi da ja kuwa sulɓi suke tafiya har ƙasa. Idan muka sa wa dangin duka sunan ƙara, ranar da za mu bambanta mai ƙara da maras ƙara za mu rasa bakin magana. Ina ganin mu ajiye "mai ƙas-ƙas" ya zama sunan wancan reshe ɗaya, inda ya dace ɗari bisa ɗari.

8/ An kuma ce "maras roba" ko "maras leda". A nan ne Model M ke ba mutane mamaki: gudumar da na ambata fallayen leda take bugu, irin dai na allon ofis. Wanda ya riga shi, Model F na 1981, shi ne ba shi da su. Idan rashin leda ne ma'auni, mun kori shahararren cikinsu daga gidansa ke nan, kuma sunan da ya kori Model M bai yi suna ba.

9/ Abin da ya haɗa su duka shi ne kowane madanni yana da sifirinsa na ƙarfe. Model M yana da shi, MX yana da shi. Sababbin da ke gane dannawa da hasken fitila ko da maganaɗisu su ma sifirin ke maido da su. Har Topre na Japan, wanda Turawa ke ta musu a kansa saboda yana da tudun roba, akwai sifirin a ƙarƙashin kowane tudu.

Shawarata ita ce: madannai masu sifirin.

10/ Ku lura "masu" na ce. "Allon madannai mai sifirin" zai iya nufin sifirin ɗaya tal a wani lungu na allon. Jam'in ne ke raba sifirin ga kowane madanni, kuma ainihin bayanin ke nan. A cikakke a ce "allon madannai masu sifirin". A baki, "kibod mai sifirin" ya wadatar, don mai magana yana da damar ƙara bayani.

Na san za a ce sifirin ma aro ne. Haka ne, amma aron da ya daɗe da zama ɗan gida. Duk wanda ya taɓa kwance biro mai dannawa ya ga ɗan murɗaɗɗen ƙarfen nan ya yi tsalle, ya san abin da ake nufi, kuma girman na madanni bai yi nisa da shi ba.

11/ Bari mu gwada shi a cikin aikin, don a nan ake gane kalma ko za ta ɗauki kaya.

Ka samo tsohon allon madannai masu sifirin, ka kwance shi ka wanke ƙura. Idan Model M ne, duba ƙusoshin robar da ke riƙe farantin ƙarfe, don suna karyewa da tsufa, shi ya sa wasu ke huda wurin su sa noti. Kwamfutar da ta fi shiga ita ce Raspberry Pi Zero, wadda aka fara fitarwa a 2015, tsawonta milimita 65, faɗinta 30. Ta Zero 2 W ta 2021 girmansu ɗaya, amma ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsohon allon ba ya jin yaren USB, da tsofaffin tsare-tsaren jona allo da kwamfuta, wato AT ko PS/2, yake magana, don haka sai an sa ɗan tafinta a tsakani, wato ƙaramin guntun lantarki mai karɓar saƙon yana juya shi. Ana liƙa wayoyinsa da dalma. Sai a fitar da kafar HDMI mai kai hoto talabijin da ta wutar volt 5 ta baya. Kada a bari bayan kwamfutar ya taɓa farantin ƙarfen nan, don zai haɗa wuta, kuma ƙarfen yana rage ƙarfin Wi-Fi, saboda haka a nisanta eriyar da shi gwargwadon hali.

Ra'ayina a gefe: idan kwanson yana da lafiya, kada a yanka shi. A bi ta ramin tsohuwar wayar. Ba a sake ƙera na 1985.

12/ Saura abin da aka haɗa ɗin. Shi ba sabon tunani ba ne, domin Commodore 64 da ZX Spectrum, dukansu na 1982, haka suke, kwamfutar tana ƙarƙashin madannan. Ina ganin "kwamfutar cikin madannai" ya ishe shi. Da sunayen biyu za mu iya rarrabewa sarai: Spectrum na farko, mai madannan roba, da Raspberry Pi 400 na 2020, dukansu kwamfutocin cikin madannai ne amma ba masu sifirin ba. Model M da aka dasa wa Pi Zero kuwa ya haɗa biyun. Duk wanda ya san wani samfuri da masu harkar ke lissafawa a wannan dangi alhali babu sifirin a madannansa, ya kawo sunansa mu duba.