Musayar Baiti: Tsohon da Ya Ture Kwano a Punjab

Na-Ƙofar-Mata:
Salamu alaikum 'yan zaure. Batun yau daga jihar Punjab ta Indiya na ɗauko shi. Ran 16 ga Janairun 2015, Bapu Surat Singh Khalsa ya shiga yajin cin abinci a ƙauyensu Hassanpur, kusa da Ludhiana, yana neman a saki fursunoni mabiya addinin Sikh da aka kulle tun zamanin rikicin jihar. Amsa-amo "ci" ne, kowa ya riƙe.

Tsoho ya haura shekara tamanin,
Ya ture kwano, ya ƙi cin abinci.

Malami ne da ya ajiye alli,
Tun 1984, don takaici.

Ran da soja suka afka Amritsar,
Ɗakin ibada ya sha wulaƙanci.

Ya ce mazan da ke gidan yari,
Sun cinye shekarun hukunci.

Wasu sun shiga da baƙin gemu,
Ga furfura, har yau babu 'yanci.

Buƙatarsa ɗaya, a buɗe ƙofa,
Ko ya mutu kan neman adalci.

Inna Ta-Damagaram:
Sannu Malam, ka buɗe da kyau. Amma kafin Bapu akwai wanda ya share fagen a Nuwamban 2013, kada a tsallake shi. Ni da ƙwar huɗu na saba.

Gurbaksh Singh ne ya fara zama,
A Mohali, jiki yana ta rama,
Kwana 44 yana ta fama,
Har manyan addini suka ba shi tabbaci.

Aka saki kaɗan sakin talala,
Gida aka yi murna da walwala,
Makonni kaɗan aka ja akala,
Suka koma ɗakin nan na ƙunci.

Ya sake yaji a can Ambala,
Wata biyu cur yana wahala,
Alƙawarin dai ba a kammala,
Manya suka yi kamar suna barci.

A Maris ɗin 2018 ya hau tankin ruwa a ƙauyensu Thaska Ali kan wannan buƙata dai, ya diro daga sama, ya mutu.

Ɗan-Lauya:
Inna, Yaya Malam, a gafarce ni, rabin waƙa kuka rera. Ran 31 ga Agustan 1995 bam ya tashi a bakin sakatariya a Chandigarh. Wa zai yi wa waɗannan baiti?

Beant Singh, babban ministan Punjab,
Bam ya ɗauke shi yana shugabanci.

Da mutum 16 da ke gefensa,
'Ya'yansu sun tashi cikin maraici.

Cikin waɗanda ake so a sako,
Akwai masu hannu a ta'addanci.

Rajoana bai musa a kotu,
Ya ce shi ne, bai nemi sassauci.

Kotun ƙoli ta daɗe da faɗi,
Rai-da-rai ba shi da lokaci.

Shekara 14 ƙofar roƙo ce,
Sai an ga dama ake yin karamci.

Na-Ƙofar-Mata:
Ƙanena, ban musa maka jinin nan ba, ko ɗigo. Awon nake tuhuma. Ka tuna 1984, shekarar da aka kashe firaministar Indiya Indira Gandhi.

Ka ƙirga gawa, ni ma in ƙirga,
Mu ga inda aka tafka sakaci.

Bayan kisan Indira Gandhi,
Aka bi 'yan Sikh da zalunci.

Mutum 2,733 a Delhi,
Ƙidayar gwamnati ce, mai ɗaci.

Sajjan Kumar, jigon jam'iyyar Congress,
Shekara 34 yana yawo da mutunci.

Sai 2018 aka ɗaure shi,
Zawarawa sun tsufa cikin talauci.

Mudu biyu a kasuwa guda,
A garinmu sunansa munafunci.

Malam Mai-Allo:
Ku dakata haka nan, ɗalibai. Ni ban ba kowa fatawa ba, addininsu daban ne, ko da yake a wurinmu rai amana ne, ba a wasa da shi. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka yi da jikin tsohon, don nan ne dabarar hukuma take. Yajin cin abinci ƙarfinsa guda ne: tsoron ranar da mai yajin zai faɗi matacce. To, suka cire ranar.

'Yan sanda suka kai shi asibiti,
Aka zura masa roba ta hanci.

Abin da baki ya rantse ba ya so,
Ta nan yake bi ya sauka cikin ci-

Kai, wannan baitin ya karye mini, ku bar ni in sake:

Abin da baki ya ƙi da rantsuwa,
Robar ta kai shi, ba ta san zumunci.

Ba a bar shi ya mutu a yi magana,
Ba a ba shi abin da ya sa ya ƙi ci.

Ɗan sanda a ƙofa, likita a gefe,
Gado ya zam gida, ya wuce baƙunci.

Shekara takwas ana wannan hali,
'Yan jarida sun gaji, sun tafi barci.

Inna Ta-Damagaram:
Malam, ka ari "barci" na, na yafe maka don girmanka. Ga yadda yajin ya ƙare a Janairun 2023, bisa roƙon Hawara, wanda aka ɗaure kan kisan Beant Singh.

Hawara ne daga gidan kaso,
Ɗaya cikin waɗanda Bapu ke so,
Ya aiko roƙo, saƙo ya iso,
Ya ce Baba, a daure a taɓa abinci.

Tsoho ya karɓa don girman mai kira,
Matasa suka ɗauki ragowar jira,
A bakin Mohali suka kafa bukka a jera,
Kan titi suke kwana, suna maci.

Shi kuwa Bapu a Amurka ya rasu, Janairun 2025, yana da shekara 91. Wanda ya roƙe shi ya ci abinci yana nan a kulle lokacin.

Ɗan-Lauya:
Abu guda zan ba ku, kuma ba don kun fi ni baiti ba. A Maris ɗin 2012 aka sa ranar rataye Rajoana, aka dakatar saura kwana uku saboda takardar neman afuwa da hukumar kula da wuraren ibadar Sikh ta shigar. Takardar ta haura shekara goma ba amsa, har shi ma ya yi nasa yajin a kurkukun Patiala a Disamban 2023. Kuma irin wannan jinkiri, haɗe da taɓin hankali, shi ya sa kotun ƙoli ta sauke wa wani fursunan Sikh mai suna Bhullar hukuncin kisa a 2014.

A rataye ka ko a yi maka afuwa,
Ko wanne ne dai ya zam hukunci.

A bar ka kana sauraron takun gandiroba,
Wannan kam na yarda, ƙanƙanci.

Amma Inna, har yanzu ba ki taɓa batun marayun 1995 ba, kin kewaye shi sau biyu. Ina jira, kuma da ƙwar huɗun nan taki nake so.