Wa ya taɓa zuwa kogon Batu na Malesiya? Ina neman shawara

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka yi karatu ko suka taɓa zama a Malesiya. Ƙanina ya gama digiri a jami'ar Musulunci ta Gombak, in Allah ya kaimu wata mai kamawa zan raka Hajiyarmu bikin yaye su, to tunda ya ji biza ta fito ya ishe ni a waya wai lallai sai ya kai mu wani kogo da ake ce wa Batu, ba nisa da makarantarsu. Ya turo min hoto na ga matakala kala-kala, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ta miƙe har cikin dutse, ga wani ƙaton gunki ruwan gwal a tsaye a gefe. Gaskiya gunkin nan ne ya sa jikina ya yi sanyi. Wurin bautarsu ne kawai ko akwai abin gani na halittar Allah? Sannan Hajiya gwiwa ta matsa mata, benen gidanmu ma da ƙyar take hawa. Wani abu kuma da ya tsaya min a rai, mu nan ga Dala ga Goron Dutse ga duwatsun Rano, me ya sa ba mu da irin wannan kogon?

Tsohon ɗalibin Gombak:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya wa karatun albarka. Shekara huɗu na yi a can kuma na je wurin ya fi sau biyar, duk baƙon da ya zo daga gida ni ake turawa in kai shi. Kilomita kamar 13 ne arewa da Kuala Lumpur, jirgin ƙasa na Komuter daga babbar tashar birnin, KL Sentral, zai sauke ku a bakin wurin.

Maganar bauta gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Babban kogon da matakalar ke kaiwa haikalin mabiya Hindu ne, Indiyawa ƴan ƙabilar Tamil, wani attajirinsu K. Thamboosamy Pillai ya fara mayar da shi wurin ibada, kuma tun 1892 suke bikinsu na Thaipusam a can. Gunkin da ka gani mita 42.7 ne, a 2006 aka buɗe shi, fentin matakalar ma sabo ne na 2018. Amma dutsen ya riga duk wannan nesa ba kusa ba, masana na ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 400. Mutanen daji na asalin ƙasar, Temuan, suna fakewa a ciki tun da, sai wajen 1860 Sinawa manoma suka riƙa haƙar kashin jemage suna kaiwa gonakin kayan lambu, kamar dai yadda manomanmu ke bin takin kaji. A 1878 wani Ba'amurke William Hornaday ya shiga, daga nan labarin wurin ya bazu.

Ni abinda ya kama zuciyata ba babban kogon bane, wani ne a gefen hagu in ka kusa ƙarshen matakala, Kogon Duhu suke kiransa. Na shiga a 2017, aka ba mu hular kwano da ƴar tocila. Tun daga baki wari ya tare mu, irin zarnin nan na tsohon soro da jemagu suka mamaye amma ninki goma. Mai mana jagora ya ce kowa ya haska ƙasa kada a haska sama saboda jemagun, wlh da na haska sai na ga ƙasar tana motsi, ashe kyankyasai ne da gyare da ƙananan ƙwari birjik a kan kashin. Ya ce a nan ba rana ba ciyawa, duk abinda ke rayuwa a ciki da kashin jemage ya dogara, ƙwari su ci kashi, gizo-gizo da shanshani su ci ƙwari, akwai ma wani farin maciji mai hawa bango ya kama jemagen kansa. Akwai wani gizo da aka saka wa sunan dutsen, yana yin rami da murfi ya shimfiɗa zare a bakin ƙofa yana jiran abinda zai taka, yana cikin waɗanda suka fi ƙaranci a duniya. Da muka kai tsakiya ya ce kowa ya kashe fitila. Alhaji ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, na kai tafin hannu har kan hancina ban gan shi ba, ba abinda kake ji sai ɗigar ruwa da kukan jemagu can sama, ni dai kabari na tuna, na kama salati a zuci. An rufe wannan ɓangaren a 2019, ƙanin naka ya tambaya ko ana shiga yanzu.

Uwar Biyu:
Yaya dan girman Allah kar ka bari Hajiya ta hau. Matakala 272 ce kuma a miƙe take, ga zafin ƙasar nan mai danshi da kafin ka yi taku hamsin mayafi ya manne a jiki. Ni da ƙafata lafiya sau uku na tsaya hutawa, saukowar ma ta fi cin gwiwa. A ƙasa akwai fili da shaguna da masu sayar da ruwan kwakwa, ta zauna a inuwa wani ya tsaya da ita, dutsen daga nan ma ana ganinsa sosai.

Sai birai. Ba wanda ya faɗa min, na hau da leda a hannu da biskit ɗin yara a ciki, wani ya diro daga kan ƙarfen da ake dafawa ya fizge, ɗiyata ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame ni muka kusa gangarowa tare, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ya koma gefe ya yage ledar da haƙori yana kallonmu. Mutane ne suka ɓata su da ba su abinci, har robar lemo suna buɗewa. Komai a zuba a jaka mai zif, kar a ci abu a kan matakala, kar kuma a zura musu ido ko a yi musu dariya haƙora a waje, faɗa suke ɗauka. Amma da muka isa sama na ɗaga kai, rufin kusan mita 100, can ciki kuma ya buɗe rana ta sauko kan bishiyoyi da suka tsiro a jikin dutse, tantabaru na ta shawagi, gaskiya na ce Subhanallah ba adadi.

Abu Hafsa:
Ni dai shawarata ɗan'uwa, tunda zuciyarka ta yi ɗar ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin tafiya. Da na je a ƙasa na tsaya na kalli dutsen na juyo, abokan tafiyata suka hau, ba wanda ya zargi wani. In kuma ka hau ka bar masu ibada da ibadarsu, banda nuni da yatsa banda dariya.

Malam na Kabuga:
Alhaji bari in taɓa tambayarka ta ƙarshe tunda abinda nake koyarwa kenan a sakandare. Ba girman dutse ke kawo kogo ba, irin dutsen ne. Na Batu dutsen farar ƙasa ne, wanda ake siminti da shi, asalinsa ɓawon halittun teku ne da suka taru suka daskare. Ruwan sama yana kwasar iskar kabon a sama da cikin ƙasa sai ya ɗan yi tsami, in ya bi tsagar irin wannan dutsen sai ya riƙa narkar da shi kamar yadda kanwa ke narkewa a ruwa, sai dai shi a hankali ƙwarai, shekaru dubbai, tsaga ta zama rami, rami ya zama zaure. Waɗancan abubuwan da ke reto daga rufi kamar kakin kyandir ruwan ne ke ɗiga yana barin ɗan farin gari, tsawon farce ɗaya sai ya ci shekara ɗari, shi ya sa ake hana taɓawa, maiƙon hannu kaɗai yana ɓata su.

Mu kuwa ƙasar Kano a kan dutsen giranet take zaune, irin na Rano, ruwa baya narkar da shi haka, sai dai ka samu inuwa ko lungu inda wani dutse ya hau kan wani. Dala da Goron Dutse kuma marmara ce a samansu mai tama, ita maƙeran farko suka zo nema. Dutsen siminti muna da shi a Najeriya, ga Kalambaina a Sakkwato, ga Ashaka a Gombe, ga Obajana a Kogi, amma fasa shi muke. Batun ma an daɗe ana fasa gefensa kafin a hana.

Abinda ke min ciwo shine yadda yaranmu ke harbin jemage da danƙo don wasa kawai. Wasu jemagun kogon nan su ne ke bin furen duriyan da dare suna haɗa barbara, ɗan itacen nan mai wari da ƴan Malesiya ke ji da shi. Namu na cikin gari ma iri suke yaɗawa, ƙananan kuma su cinye ƙwari. Na sha faɗa wa ɗalibaina haka.

Ɗan Kwari:
Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Malam yau na fahimci abinda ya shige min duhu tun muna hawa Dala muna yara. Hajiya zata zauna a ƙasa da ƙanwata, na karanta mata labarin birin ta ce ko da kuɗi ba zata hau ba. Ni zan yi magana da limaminmu kamar yadda Abu Hafsa ya ce. Ɗan Gombak, wane lokaci ya fi dacewa a je?

Tsohon ɗalibin Gombak:
Da sassafe Alhaji, ana idar da asuba ku shirya, kafin rana ta yi zafi motocin ƴan yawon buɗe ido su cika wurin. Babban kogon ba a biyan kuɗin shiga. Ku sa takalmi mai kama ƙasa don in aka yi ruwa matakalar santsi take, kuma in tafiyar ta faɗa ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu ku duba ranar Thaipusam ku kauce mata, mutane dubu ɗaruruwa ke taruwa, ko wurin sa ƙafa ba za ku samu ba.