Shawarwarin makaɗa kan manaja da aikin koyarwa

Hirar ta faro ne daga tambayar wani matashi mai kaɗa jita: ya kama aikin koyar da kiɗa, ko ya bi ƙungiyarsu ta kiɗan rock da wani manaja ke zawarci?

Yawancin masu magana sun tsaya ne a kan takardar yarjejeniya. Aka kawo misalin Rolling Stones, makaɗan rock na Ingila, waɗanda suka rabu da manajansu Allen Klein a 1970, amma haƙƙin mallakar waƙoƙin da suka yi kafin 1971 ya zauna a hannun kamfaninsa, ABKCO. Shawarar ita ce kada a sa hannu sai lauyan da ba ruwansa da manajan ya karanta, kuma a raba haƙƙin waƙa da kason manaja. Wani ya tuno mawaƙin Amurka Bruce Springsteen, wanda shari'arsa da manajansa Mike Appel ta hana shi ɗaukar sabon faifai daga 1976 har cikin 1977. Ni dai wannan ya fi ba ni tsoro, don matashi ba shi da shekarar da zai zubar a kotu. An kuma ce kuɗin wasa su riƙa shiga asusun ƙungiya, manaja ya karɓi nasa daga baya, a kuma rubuta wa'adin aikinsa.

Batun koyarwa ba a ja shi da nisa ba. Kuɗin ba yawa, amma ka san ranar zuwansu. Makarantu na neman takardar shaida da iya karanta rubutun kiɗa. Darasin gida kuwa, a karɓi kuɗin wata tun farko, saboda ɗalibai kan ɓace ba sallama.