Fenti mai ƙwayoyin nano a ɗakin feshi: takunkumin N95 ya isa?

Mai Kula da Feshi:

Assalamu alaikum. Sashen feshinmu ya koma amfani da wani sabon fentin ƙarfe, takardar bayaninsa ta nuna akwai titaniyam dayoksaid da silika masu girman nano a ciki, wato ƙwayoyin da ba su kai nanomita 100 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ɗakin feshin buɗaɗɗen gaba ne, faɗi mita 2, tsayi mita 2, fanka na jan iska ta baya. Masu feshi na sa N95. An gwada na'urar ƙirga ƙwayoyi ta hannu, da an danna bindiga sai lamba ta ninka sau da yawa. Shin wannan lambar ce ma'aunin haɗari? Kuma ƙwayar da ba ta kai nanomita 100 ba, ba ratsa takunkumin take yi ba? Da me za a fara gyara?

Mai Awon Iska:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada lambar nan ta zama abin dogaronka, ko ta hau ko ta sauka. Na'urar ƙirga take yi kawai, ba ta san abin da take ƙirgawa ba. Hayaƙin injin dizal, walda daga wani sashe, tanda mai busar da fenti, har da ɗigon tina da bai gama ƙafewa ba, duk a jaka ɗaya take zuba su. Amfaninta shi ne ta nuna maka inda iska ke yoyo da kuma lokacin da ƙura ke tashi. Batun ko nawa titaniyam ma'aikaci ke shaƙa, wannan sai da matata.

Ga yadda ake yi. A maƙala wa mai feshi ƙaramin famfo a ƙugu, bakin tiyon mai ɗauke da matatar a kan wuyan rigarsa, kusa da hanci, a wajen takunkumi. A gaban matatar a sa saikulon, ɗan kaskon da ke ware ƙwayoyin da za su iya kaiwa can cikin huhu, wato kimanin maikiron 4 zuwa ƙasa (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Kowane saikulon da gudun iskarsa: na nailan lita 1.7 a minti, na alminiyam lita 2.5. Idan gudun ya kauce, rabon ƙwayoyin ma ya kauce, awon ya ɓaci. Shi ya sa ake gwada famfon kafin aiki da bayan aiki. Lita 2.5 a minti na awa 8 ya ba ka lita 1,200, wato kubik mita 1.2. Ɗakin gwaji zai auna yawan titaniyam ɗin da ke kan matatar, a raba da wannan.

Sai a gwama da wane adadi? Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, a 2011 ta ba da shawarar miligiram 2.4 a kubik mita ga titaniyam dayoksaid na yau da kullum, amma miligiram 0.3 kacal ga mai girman nano. Sinadari ɗaya ne, an rage ninki 8, domin idan nauyi ɗaya ne, ƙananan ƙwayoyi sun fi faɗin jikin da zai taɓa naman huhu. Hukumar IARC kuma, mai binciken sankara ta duniya, ta sa titaniyam dayoksaid a rukunin 2B, abin da ka iya jawo sankara.

A ɗauki matata ta biyu a gefe don madubin ilektiron, shi zai nuna ko ƙwayoyin a sake suke ko a dunƙule cikin ƙaron fenti. Kuma a ajiye ta uku nesa da ɗakin feshi, don a san abin da ke cikin iskar masana'antar tun asali.

Injiniyan Fanka:

Na yarda da ɗan'uwa, amma ni ba zan jira sakamakon gwaji ba kafin in duba ɗakin. Bakin ɗakinka murabba'in mita 4 ne. Abin da aka saba nema a irin wannan ɗaki shi ne iska ta riƙa shiga da gudun kusan mita 0.5 a daƙiƙa. Ke nan fankarka sai ta ja kubik mita 2 a daƙiƙa, 7,200 a awa. Kada a karanta wannan a jikin allon fanka. A auna da na'urar gudun iska a wurare 9 na bakin ɗakin, uku sama, uku tsakiya, uku ƙasa, kuma da matatun da ake aiki da su, ba sababbi ba.

Abin da ya fi lalacewa shi ne matatar baya. Fenti na toshe ta a hankali, ƙarar fanka ba ta canzawa, kowa na zaton lafiya lau, alhali jan iska ya ragu sosai. A sa ma'aunin matsin iska a jikin ɗakin, a zana alama inda allura ke tsayawa da sabuwar matata, da inda za a canza. Bel ɗin fanka ma yana saki. Sannan iskar da aka fitar dole wata ta shigo a madadinta: idan an rufe ƙofofin masana'anta saboda sanyi ko ƙura kuma babu hanyar shigar iska, fankar shaƙewa take yi.

Tsayuwar mai feshi ma magana ce. Idan ya zagaya bayan kayan don ya fesa ɗaya gefen, ya shiga tsakanin kaya da fanka, duk hazon ta fuskarsa zai bi. Teburi mai juyawa ya kashe wannan matsalar. Bindigar HVLP, wato mai yawan iska da ƙarancin matsi, wadda matsinta bai wuce 0.7 a ma'aunin "bar" a bakinta ba, tana kai aƙalla kashi 65 cikin 100 na fenti jikin kaya idan an saita ta daidai, tsohuwar bindiga mai ƙarfin iska kuwa fiye da rabi a iska take watsarwa. Sai dai masu feshi kan ƙara matsi don sauri. A duba ma'aunin.

Kuma hazon da ido ya daina gani bai tafi ba. Ɗigo mai maikiron 10 na faɗuwa kimanin milimita 3 a daƙiƙa, amma ƙwaya mai nanomita 100 sai ta yi awa guda kafin ta sauka wannan tazarar. Ba ta zama, sai an ja ta. A cika ɗakin da hayaƙin gwaji, a ƙirga lokacin da zai ɗauka ya washe, a rubuta a ƙofa. Kafin wannan lokaci ya cika babu mai ɗaga takunkumi don duba kyan fenti.

Hajiya Mai Lafiyar Ma'aikata:

Malam, kan tambayar takunkumi: matata ba rariya ba ce. Ƙwaya mai ƙanƙanta sosai ba ta tafiya a miƙe, iska na wujijjiga ta har ta bugi zare ta manne. Saboda haka masu nanomita 10 ko 20 sun fi sauƙin kamawa a kan waɗanda suka ɗan fi su girma. Ta gefen fuska ake shan kashi, ba ta jikin matata ba. Gemu, ko ma gashin kwana biyu a inda roba ke zama, ya isa ya buɗe hanya. Kowane ma'aikaci sai an yi masa gwajin dacewar takunkumi da fuskarsa.

Duk da haka N95 bai dace da aikinku ba. Ba ya tare tururin tina ko kaɗan, kuma hazo mai maiƙo na rage masa ƙarfin kamu. Mafi ƙaranci shi ne takunkumin roba mai gwangwani haɗe, na tururi da na ƙura, A2P3 a tsarin Turai, ko gwangwanin tururi da P100 a tsarin Amurka. A lissafin OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, mai rufe rabin fuska na rage shaƙa ninki 10, mai rufe duk fuska ninki 50. Idan kuwa fentin mai haɗi biyu ne, wato wanda ake haɗawa da mai ƙarfafa shi, kuma akwai sinadarin aisosayanet a ciki, to sai hular da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Aisosayanet na haddasa asma, kuma hanci ba ya jin warinsa sai ya wuce kima. Ka duba takardar bayanin mai ƙarfafa fentin, ba ta fentin kaɗai ba.

A 2009 likitoci a Beijin sun ba da rahoton mata 7 masu feshin wani ƙaro a kan allunan roba, a ɗaki marar taga wanda injin jan iskarsa ya lalace watanni kafin su kwanta. Ruwa ya taru a ƙirjinsu, huhu ya yi tabo, biyu suka rasu, kuma an ga ƙwayoyi masu kusan nanomita 30 a jikinsu. Masana sun yi muhawara kan ko nano ne ya yi ɓarnar ko sauran sinadaran. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne matacciyar fanka da rufaffiyar ƙofa. Duk wanda ya fara tari da daddare, ko numfashi na yi masa sauƙi ranar hutu ya dawo ranar aiki, a kai shi gwajin huhu ba tare da jira ba.

Mai Kula da Feshi:

Allah ya saka da alheri. Mai ƙarfafa fentin na da aisosayanet, za a canza zuwa hula mai tiyo. Saura shara da goge fenti da samfefa, su ma da haɗari?

Mai Awon Iska:

Sosai. Idan an goge busasshen fenti, yawancin ƙwayoyin nano na fitowa ne a maƙale cikin gutsuren ƙaro, amma ƙurar kanta mai shiga huhu ce, don haka injin gugar ya kasance mai jan ƙura daga jikinsa. Tsintsiya da hura iskar kwamfuresa a jiki ko a ƙasa, a hana gaba ɗaya. A yi amfani da injin zuƙar ƙura na ajin H, wato na ƙura mai haɗari, mai matatar HEPA da ke kama ƙananan ƙwayoyi, ko jiƙaƙƙen tsumma. Mai canza matatar baya ya sa cikakken kayan kariya, ya zura tsohuwar a leda tun tana wurin, fanka na aiki. Idan kuma ana ƙara garin nano a fenti da hannu, ku nemi a riƙa kawo shi a dame cikin ruwa, domin wajen buɗe buhu da juye gari ne ƙura mai sakakkun ƙwayoyi ta fi tashi. Iskar da za ku tura cikin hular ma a duba ta: bakin kwamfuresa ya yi nesa da bututun fitar hayaƙin ɗakin, kuma a sa matatar mai da ruwa a kan layin.