Mahaifinmu yana da ciwon sukari, shin dole ne ni ma in gaje shi?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya daɗe yana fama da ciwon sukari, yanzu kuma raunin da ƙaya ta ji masa a tafin ƙafa ya ƙi warkewa. Shekaruna 42, na bar noma na koma zaman kanti, tumbi kuma ya fara fito mini. Shin akwai abin da zan yi in kauce wa wannan ciwo?

Ma'aikaciyar lafiya, Gumel:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Maganar ƙafarsa ta fi gaggawa, don haka a kai shi asibiti gobe, kada a tsaya shafe-shafen magani a gida. Idan sukari ya daɗe yana hawa, yakan kashe jijiyoyin ƙafa ya rage gudun jini, har mutum ya taka ƙaya bai ji ba, raunin kuma ya zama gyambon da kan kai ga yanke ƙafa. A nemi a duba masa ido da ƙoda da hawan jini, domin ciwon yana cin su a ɓoye.

Kai kuwa, gado yana ƙara maka haɗari, amma tumbin da zaman wuri ɗaya su ne suke hannunka. Ka je a gwada jininka da safe kafin ka karya. Idan ma'aunin sukarin jininka ya nuna 126 mg/dL ko fiye har sau biyu, ciwon ya tabbata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiya da sauri ta wadatar.

Dattijo daga Ɗambatta:
Ɗana, a da, da ƙafa muke zuwa gona, yau kuwa ko masallacin unguwa sai an hau babur. Ni da na kamu, lemon kwalba da shayi mai sukari na fara bari, na rage malmalar tuwon shinkafa, na ƙara wake da zogale da rama. Kada a ruɗe ka da zuma, ita ma tana tayar da sukari. Idan kana shan taba, ka bari.

Uwargida daga Kazaure:
Malam, a gwada 'yan'uwanka mata ma, musamman wadda sukarinta ya hau lokacin da take da juna biyu, ko ta haifi jaririn da ya wuce kilo 4.