"Bin na gaba bin Allah": ina iyakarsa?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau ita ce "bin na gaba bin Allah". Da ita aka rene mu. To amma a 1776 yankuna 13 na Amurka da ke ƙarƙashin Ingila sun fito fili sun ce sun daina bin Sarki George na Uku, kuma masu karatunsu ne suka ja ragamar. Shin sun taka wannan magana ne, ko kuwa dama tana da sharaɗi a cikinta?

Baba Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Malam, ni a fahimtata magana ce ta kiyaye zaman lafiya. Gari ba shugaba kango ne. Kuma abin da ya tayar da waɗancan mutane bai kai a zubar da jini ba. Ingila ta ci bashi a yaƙin da ta gama da Faransa a 1763, wanda har da kare su aka yi shi. Da ta sa musu harajin hatimi a kan jaridu da takardun kotu a 1765 suka yi kuka, shekara na zagayowa ta janye. Me kuma ake nema?

Hajiya Rabi: Baba, a gafarce ni, kuɗin ba shi ne ya fi ƙona musu rai ba. Majalisar da ta yanka harajin tana Landan, kuma babu mutum ɗaya da suka zaɓa a cikinta. A ranar da aka janye harajin nan ma, majalisar ta kafa wata doka da ke cewa tana da ikon yi musu doka a kan komai. Wato yau an ɗaga maka ƙafa, gobe in an ga dama a dawo. Shi ya sa suke ta nanata cewa ba haraji sai da wakilci.

Malam Habu: Hajiya ta taɓo inda nake so. Irin karin maganarmu tana da masu goyon baya a Ingila. Robert Filmer, a littafinsa da aka buga a 1680, ya ce sarakuna daga Annabi Adamu suka gaji iko, saboda haka talaka ba shi da ta cewa. John Locke ya yi masa raddi a 1689. Hujjarsa ita ce mutane sun riga hukuma zuwa, su ne suka yarda suka kafa ta don ta tsare musu rai da 'yanci da dukiya. Mulki amana ne a hannun mai mulki. In ya ci amanar, ikon ya koma ga waɗanda suka ba shi. Lauyoyi da limaman coci na Amurka sun sha wannan karatu, kuma duk wanda ya duba takardar ayyana 'yanci ta 4 ga Yuli 1776 zai ga sawunsa, inda ta ce halaccin hukuma yana fitowa daga yardar waɗanda ake mulka.

Baba Ɗanjuma: To ai nan ne tsorona. Wa zai yanke hukuncin cewa an ci amana? Kowane mai kwaɗayin kujera haka zai ce. Mutanen da suka shiga jirage a Boston a Disamba 1773 suka zubar da akwati 342 na ganyen shayi a ruwa, dukiyar wasu suka lalata. Kuma dubban da suka tsaya a kan biyayya ga sarki sun rasa gidajensu, da yawa sai Kanada.

Yaya Safiya: Gaskiya ne Baba, amma a tuna cewa sun fara da bin na gaban. A Yulin 1775, bayan an riga an yi harbe-harbe a Lexington, wakilan yankunan nan 13 sun sake rubuta wa sarki takardar roƙon sulhu. Ya ƙi ko karɓarta, ya kira su 'yan tawaye. Shi kansa Locke bai ce a tashi don kuskure ɗaya ba, sai zalunci ya yi ta maimaituwa ya nuna inda aka dosa. Sai da tura ta kai bango.

Ustaz Nura: Ina ganin rabin maganar ne ke kare ta daga mummunar fahimta. An jingina bin na gaba da bin Allah, ashe in hanyoyin biyu suka rabu, jinginar ta warware. Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a ya ce a bi shi matuƙar yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa babu biyayya. Bambancin dai shi ne su Locke a yardar jama'a suka kafa sharaɗin.

Hajiya Rabi: Abin da ya fi burge ni shi ne abin da Amurkawan suka yi bayan sun ci yaƙin neman 'yanci. Ba su zauna ba na gaba ba, sun dai sauya shi. Thomas Paine ya rubuta tun Janairun 1776 cewa a Amurka doka ce sarki. Tsarinsu na farko ya fito da rauni, gwamnatin tarayya ko haraji ba ta iya karɓa, har manoma masu bashi suka ɗauki makami a Massachusetts a 1786. Sai wakilai 55 suka hallara a Philadelphia a 1787 suka ɗauko shawarar Montesquieu na Faransa: masu yin doka daban, mai zartarwa daban, alƙalai daban, kowa na iya taka wa ɗan uwansa birki. Shugaba ma sai ya rantse zai kare kundin tsarin mulkin da suka rubuta kafin ya hau. Irin wannan tsari na shugaba mai cikakken iko Najeriya ta ɗauka a 1979.

Yaya Safiya: Amma Hajiya kada mu wanke su tas. Thomas Jefferson da ya rubuta a takardar ayyana 'yanci cewa an halicci mutane daidai ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000. Kundin ya lissafa kowane bawa biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, kuma amfanin ya tafi ga iyayen gijinsu. Wa ya nemi yardar waɗannan? Su aka ci gaba da yi wa wa'azin biyayya har 1865 da aka haramta bauta. Wannan ne ke sa ni ɗar-ɗar da karin maganar, don sau da yawa daga bakin na gaban take fitowa.

Baba Ɗanjuma: 'Yata, a nan kin yi gaskiya. Ni dai zan ci gaba da faɗa wa jikokina ita a kan iyaye da malamai. A kan masu mulki kuwa, na yarda sai an haɗa ta da sharaɗin da Ustaz ya kawo. Amma tambayata ta wa zai yanke hukunci har yanzu ina jiran amsa, Malam Habu.